Yaron da ke kwana kan kwamfuta: ɗan yahu ne ko mai koyon sana'a?

 Yau maganar 'ya'yanku za mu yi.

Kai da ka sayar da sa, aka turo maka kuɗin ta OPay ko Nita, ka san dukiyarka ta bar aljihu ta koma waya. Kamfanonin da ke riƙe da ita suna ɗaukar mutum takanas, su ce masa: zo ka gwada fasa mana. Kamar ka sa ɗan'uwanka ya zagaya garke da dare, ya gaya maka inda shinge ya yi sako-sako tun ɓarayin shanu ba su gani ba. Wannan shi ne mai kutse da izini. Ya shiga, ya rubuta rahoton ƙofar da ya bi, a toshe, a biya shi.

To ina bambancinsa da ɗan yahu? Takarda. Izini a rubuce daga mai kayan, da iyakar inda zai taɓa. In babu ita, ko da niyyarsa fara ce tas, laifi ne. Najeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015, Nijar ta yi tata a 2019, kuma duka biyun akwai ɗauri. Kar yaro ya ce wai gwaji yake yi a shafin banki.

Koyon ba ya son gaggawa. Sai ya fara sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna, ya saba da Linux, ya iya ɗan rubuta Python. Manhajar Kali Linux kyauta ce. Akwai TryHackMe da Hack The Box, inda aka ajiye na'urori musamman don a fasa su, babu mai kama ka. Turanci dole ne, ko ɗan makarantar Faransanci sai ya ƙara da shi. Waya kaɗai ba ta isa, amma tsohuwar kwamfuta ma ta yi, in akwai sola da data.

Takardar shaidar da ake ji da ita, OSCP, jarrabawarta kusan awa 24 ce a zaune, kuɗinta ya haura dala 1,000. Ni dai ba zan ce ka sayar da saniya saboda ita a shekarar farko ba. Bari ya nuna ƙwazo a na kyauta tukuna.

Alhaji, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi: wa ya ba ka izinin wannan? Mai koyo zai juyo maka da allon ya nuna maka. In kuwa ka ga layukan waya barkatai da katunan banki masu sunan wasu, to ka karɓe kwamfutar a ranar.