Gidan Tarihi na Kanta a Argungu

Gidan tarihi na Kanta yana cikin garin Argungu a Jihar Kebbi, kuma ya samo sunansa daga Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. An gina shi a 1831, ya kasance fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, sannan aka mayar da shi ma'ajiyar kayan tarihi a 1958. A ɗakunansa akwai masu, takubba, kwari da baka, layun yaƙi da tambura, ga kuma kaburburan sarakuna a harabarsa. Sai dai baƙi sun fi tuna shi lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Ya kamata makarantun yankin su riƙa kai ɗalibai a kowane zangon karatu.