Kaya Ba Ya Isa Gida Sai Da Lissafin Lokaci: Jawabi A Taron Shekara-Shekara

Mai girma shugaban taro, iyayenmu, malamanmu, da 'yan uwana 'yan asalin Mazanya mazauna birane, ina yi muku barka da zuwa.

Maganata a yau ita ce kayan da muke aikawa gida: hatsi, magani, takin zamani da hajar 'yan kasuwa. Da yawanmu muna lissafin kuɗin mota, amma ba mu lissafin sa'ar da hanya za ta rufe.

Mu tuna da shekarar 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar tsaro. An rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka ce matafiya su zagaya ta Funtuwa. An kuma hana babura da Keke Napep zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a birnin Katsina, a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga kuwa tun daga 6 na yamma. Wato motar da ta sauke kaya a Jibiya bayan magariba ta makara, domin babu babur ɗin da zai ƙarasa da su ƙauye. Buhun hatsi zai iya kwana a tasha, amma maganin mara lafiya fa?

Haka kan iyakar Magama: an rufe ta a 2019, ba a buɗe ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024.

Doka takan zo ta wuce, amma darasinta yana nan. Shawarata uku ce. Na farko, mu fara lissafi daga ƙarshen tafiya: yaushe ya kamata kaya su shiga gida? Daga nan a cire lokacin saukewa da na shingayen bincike, sai a san sa'ar tashi daga Kano ko Kaduna. Na biyu, direba ya fara kai kayan inda ake rufewa da wuri, ya bar na cikin birni zuwa ƙarshe. Na uku, ƙungiya ta naɗa mutum guda a gida wanda zai riƙa sanar da mu halin hanya, mu kuma haɗa kayanmu a mota ɗaya.

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Wassalamu alaikum.