Abin Da Maigida Zai Bari A Gida Kafin Ya Kama Hanya

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron haɗin gwiwa na reshen Nguru da reshen Gashua)

 

An umarce mu da mu ce wani abu game da lafiyar mata masu juna biyu da jarirai. Da takardar ta iso mana sai muka ce to, ina mu ina wannan magana? Mu ba likitoci ba ne, abin da muka iya shi ne mudu da sikeli, sai ɗan karatun Islamiyya da iyaye suka sa mu. Amma da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga akwai ɓangaren da likita ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Likita sai an kai masa mace yake ganinta. Duk abin da ya faru daga lokacin da naƙuda ta tashi a ɗaki zuwa lokacin da aka isa ƙofar asibiti, wannan aikinmu ne mu mazaje, kuma a nan ne ake asarar rayuka da yawa.

Bari mu fara da tuna wa kanmu ko mu su wane ne. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, kakanninmu suka yi ta zuwa, wasu don gyaɗa, wasu fata da ƙirgi, wasu shanu, wasu ƙaro da bandar kifi. Mangawa da Badawa suka karɓe su hannu biyu, har yau ga Hausari a Nguru, ga mazaɓar Sarkin Hausawa a Gashua. Mun zama 'yan gari, alhamdu lillahi. Sai dai har yanzu da yawanmu gida muke komawa mu ɗauko aure. Yarinya a Haɗeja ko Gumel ko Ɗanbatta in ta yi ciki tana da uwa, tana da gwaggo, tana da yayye, haihuwar fari ma gida take tafiya goyon ciki. Wadda aka kawo nan fa? Ba ta da kowa sai miji da maƙwabta. Shi kuwa mijin ranar Laraba yana Potiskum, ranar Alhamis yana Maigatari, ko kuma ya bi motar tattasai zuwa kudu, sai bayan mako biyu.

Da yawa a cikin wannan zaure sun san abin da ya sami wani ɗan'uwanmu 'yan shekarun baya, ba sai mun kama suna ba. Ya yi lodin kifi ya tafi, ya bar amarya da ciki wata tara. Cikin dare ta haihu a ɗaki lafiya ƙalau, namiji, sai dai mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Ungozoma ta yi iya yinta, da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta ce a tafi asibiti. Uwargida ta ce ita ba za ta fitar da matar mutum ba da izninsa ba. Aka yi ta kiran wayarsa, yana wani daji inda babu sabis. Aka aika gidan aminin nasa, shi ma ya ce wannan magana ta fi shi. Sai da asuba mai unguwa ya ce a ɗauke ta, in mijin ya dawo ya zo wurinsa. Neman mota ya ci wani lokacin. Da aka isa asibiti aka ce a kawo jini leda biyu, duk waɗanda suka raka ta mata ne tsofaffi. Kafin a samo masu bayarwa Allah Ya karɓi abarsa. Yaron nan yana nan, ya shiga makarantar allo.

Mun yi imani kwana ya ƙare. Amma jama'a, mu dubi daren nan da idon basira. Babu mugu ko ɗaya a cikin mutanen nan. Kowa gudun laifi yake yi. Abubuwa huɗu ne aka rasa: izini, da kuɗi a hannu, da mota, da jini. Duk huɗun kuwa da maigida ya tanade su tun da rana tsaka, kafin ya hau mota.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a duk haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ne suke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa. Manyan musabbabai sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Ma'aikatan lafiya sun ce zubar jini na iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Awa biyu fa! Cinikin buhun shinkafa ma wani lokacin yakan ɗauke mu fiye da haka.

Ba mu ne muka fara gano wannan ba. Daga 2008 zuwa 2014 an gudanar da wani shiri mai suna PRRINN-MNCH a jihohin Yobe da Jigawa da Katsina da Zamfara, da tallafin gwamnatocin Birtaniya da Norwe, bayansa wani ya biyo har 2019. Abin da ya burge mu da shi, bai tsaya ga gyaran asibiti kawai ba. Ya shiga ƙauyuka ya koya wa mutane alamomin haɗari, ya sa aka kafa asusun gaggawa na unguwa, da ƙungiyoyin masu ba da jini, ya haɗa kai da 'yan yuniyon na tasha aka sami direbobin sa kai masu ɗaukar mai naƙuda ko da tsakar dare, in direba ya dawo tasha a ba shi lodi ba sai ya bi layi ba. Sannan suka riƙa jan hankalin mazaje su bar wa iyalinsu izini tsayayye. Shirin ya ƙare, motocinsu masu tambari sun tafi. Amma wanne ne a cikin waɗannan yake buƙatar Bature? Mu da muke haɗa adashin dubban ɗaruruwa a kasuwa ba takarda ba shaida?

To, maganar izini ita ce babba, kuma ita ce ba ta cin ko kwabo. Ba mu ce mace ta riƙa fita yadda ta ga dama ba, kada wani ya fita daga nan ya juya mana magana. Abin da muke cewa shi ne, da zarar iyalinka ta sami ciki, ka tara ta da uwargida in akwai, da mahaifiyarka in tana gidan, da maƙwabcin da ka amince da shi, ka faɗa da bakinka kowa ya ji: "Duk ranar awo ta tafi. In aka ga jini, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko naƙuda ta kai awa goma sha biyu, ko hannu ko ƙafa ya riga kai fitowa, a kai ta asibiti, ina nan ko ba na nan. In likita ya ce aiki, wane ya sa hannu a madadina." Shi ke nan. Wannan na ƙarshen kada a manta da shi, don an sha ganin mace a kwance bakin ɗakin tiyata ana jiran mai sa hannu. Malamanmu suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure, amma abin da aka karantar da mu shi ne tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don su, kuma lalura tana da hukuncinta. A Suratul Baƙara, inda aka yi maganar shayarwa ta shekara biyu, a wuyan uban ɗa aka ɗora ci da tufafin mai shayarwa. Wanda aka ɗora wa tuwo da zane, yaya za a ce ranta ba ruwansa?

Akwai kuma kunya, musamman ta haihuwar fari. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu cewa jaruma ita ce mai naƙuda shiru, ba wanda ya ji motsinta sai kukan jariri. Iyayenmu mata, wannan a hannunku take. Yarinya 'yar shekara goma sha shida da ta kwana biyu tana murƙususu ita kaɗai, ko ta rayu tana iya fitowa da yoyon fitsari, sai an kai ta Jahun ko Kano ko Babbar Ruga a Katsina. Mun san yadda wasu mazan suke yi da irin waɗannan bayin Allah daga baya, ba sai mun faɗa ba.

Sai kuɗi. Tun ciki yana wata biyar muke fara kiwon ragon suna, ana tanadin atamfa da goro da alawa, amma kuɗin mota da na magani sai ranar ta zo a shiga bin gidaje. A ware wani abu a ba ita mai cikin ta ajiye, tsabar kuɗi ba na waya ba. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, mutum da dukiyarsa a banki amma ba shi da na Keke Napep. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar kuwa, kuɗin shatar mota ya zama wani abu dabam. Mota ita ma a san wadda za a kira tun da wuri, a rubuta lambar direba biyu ko uku a jikin bango. 'Yan'uwanmu masu zama a garuruwan fadama da tungayen masunta su ne abin tausayi, don da damina hanya yankewa take yi, kowa ya ga ambaliyar 2022. Mai iyali a irin wuraren nan, in watan haihuwa ya kama cikin ruwa, ya kawo ta cikin gari wurin 'yan'uwa. Gidajenmu a buɗe suke, ai zumuncin ke nan.

Jini kuwa, wallahi abin kunya ne a gare mu. Ƙato mai ɗaukar buhun gero shi kaɗai, da an ce ya ba da leda ɗaya sai ya ce jiri yake ji. Wani ya ce ƙarfinsa na namiji zai ragu. Babu wannan magana. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yana mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sauran cikin 'yan makonni, kuma namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Ana gwada jinin kafin a sa wa kowa, kai ma ka san matsayin lafiyarka a kyauta. Jini iri-iri ne, akwai A, da B, da AB, da O, ba kowanne ke shiga jikin kowa ba, shi ya sa neman mai bayarwa da tsakar dare yake zama wahala. Da muna da littafi mai sunayen matasanmu da irin jinin kowa, da kira ɗaya ya isa.

Abubuwan da gwamnati ta tanada suna nan, mu ne ba ma zuwa da wuri. Nguru tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda mutane daga Jigawa har da Nijar suke zuwa, mu tana bakin ƙofarmu. Gashua tana da babban asibitinta. Ga ƙananan asibitocin mazaɓu inda ake awo da rigakafi, ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, YSCHMA, wadda ya kamata shugabanninmu su je su ji yadda 'yan kasuwa za su shiga. Gaskiya ne wani lokacin za ka je a ce babu magani sai ka saya a waje, wata ma'aikaciyar ta yi wa iyalinka tsawa. Mun sha gani. Wannan mu kai ƙorafinsa ga kwamitin lafiya na mazaɓa da sunan ƙungiya, ya fi kowa ya yi fushi ya bar matarsa a ɗaki. A wurin awo ne ake gane hawan jini tun bai zama jijjiga ba, a ba da maganin ƙarin jini, da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda mu mazauna bakin fadama mun fi kowa saninsa, da allurar da ke kare jariri daga sandarewar jiki. Da can sau huɗu ake cewa a je, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi sau takwas.

Game da jariri, kalma biyu ko uku. Dakashin nan da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne kariyar farko ga yaro, a sa shi a nono cikin awar farko. Wata shida nono zalla, ko da zafin Nguru ne, don ruwan da yake buƙata yana ciki. Cibiya a bar sa mata toka ko man goge baki, akwai man shafawa na musamman da ake bayarwa a asibiti. Rigakafi ana farawa tun ranar haihuwa, sai sati 6, da 10, da 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da Yobe a 2023, kuma yawancin yaran da ya kama ba su cika rigakafi ba. Wankan jego ba mu isa mu hana ba, iyayenmu mata ba za su bar mu mu fita daga zauren nan ba. Sai dai a sani tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da tsananin gashi. A rage kanwa, a sassauta ruwan, mai hawan jini kuwa ta bi maganar likita. In mai jego ta fara kumburi da haki, ba iska ba ce, a kai ta a duba zuciyarta.

Saboda haka ga abin da muke roƙon taro ya tattauna kafin a tashi. Kowane reshe ya buɗe asusun haihuwa dabam da asusun biki da rasuwa, kowane mamba ya riƙa zuba abin da aka amince a kai duk wata, ma'aji da mace ɗaya dattijuwa su riƙe shi, a bayar da dare a yi lissafi da safe, wanda ya ci ya biya a hankali. A naɗa mutum uku su je tashar Nguru da ta Gashua su zauna da shugabannin direbobi, da ma rabinsu 'ya'yanmu ne. Matasa kuma a sa rana su je a gwada jininsu. Mun riga mun sayo littafi guda biyu, ɗaya na Nguru ɗaya na Gashua, suna wurin magatakarda a bakin ƙofa. Mu da muka kawo maganar mun rubuta sunayenmu a shafin farko, duk da furfurar nan, saura a ga ko malaman asibiti za su karɓa.