Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kiɗan Mandolin

 



'Ya'yana da muke yayewa a yau, tun da yake al'ada ce malami ya yi wa almajirinsa guzurin nasiha ranar sallama, tun da yake kuma daga yau kayan makaranta za su koma taskar makaranta, kowannenku ya nemi na kansa, na ga ya wajaba in taƙaita jawabina a kan magana guda, watau mandolin amana ne a hannun mai kaɗa shi, yana kuma da haƙƙi uku a wuyansa: haƙƙin zaɓe ranar saye, da haƙƙin ladabi wajen kaɗawa, da haƙƙin kulawa wajen ajiya.

Wanda bai san asalin abu ba, da wuya ya san ƙimarsa. Mandolin zuriyar kayan kiɗan nan al'ud ne, wanda ya shiga Turai daga hannun Larabawa ta Andalus da tsibirin Sisili, amma a birnin Napoli na ƙasar Italiya ne, a tsakiyar ƙarni na 18, ya sami siffar da muka san shi da ita, ta tsirkiya 8 da aka jera bibbiyu, ana saita su daidai da gogen Turawa. Gidan Vinaccia su suka shahara da ƙera shi, kuma ɗansu Pasquale ne ya ɗaura masa tsirkiyar ƙarfe wajen 1835. Mozart ya sa shi cikin wasan Don Giovanni a 1787, Beethoven ya rubuta masa kiɗa a 1796. Da mandolin ya ƙetare teku zuwa Amurka, sai Orville Gibson ya sake masa fasali a 1898, ya sassaƙa fuskarsa da bayansa daga katako, Lloyd Loar kuma ya kammala wannan aiki a 1922 da samfurin F-5, wanda makaɗi Bill Monroe ya gina kiɗansa a kai. Haka makaɗi Jacob do Bandolim ya ɗaukaka mandolin a Burazil, U. Srinivas kuma a kudancin Indiya.

Daga wannan tarihi ne haƙƙin farko ya fito, domin kuwa in kun shiga kanti, iri biyu za ku tarar: na Napoli mai baya kamar rabin ƙwarya, mai siririyar murya da zaƙi, wanda ba ya jure tsirkiya mai kauri, da na Amurka mai shimfiɗaɗɗen jiki, mai amo da sauƙin riƙo. Ko wanne zuciyarku ta karkata gare shi, kada ƙyallin fenti ya rufe muku ido. Ku ɗaga shi, ku kai kansa kusa da ido, ku bi wuyan da kallo har ƙarshe, don ku tabbata bai karkace ba. Sa'an nan ku danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe na wuyan, ɗaya bayan ɗaya, kuna sauraro, in kun ji zuza ko muryar ta shaƙe, to, akwai illa a ɓoye. Ku lura da tazarar tsirkiya da wuya, domin in ta yi yawa yatsu za su gaji kafin hannu ya faɗa. Ku tambaya ko fuskar tsantsar katako ce ko filawud, gama tsantsar katako muryarsa ƙara buɗewa take yi da shekaru. Tsoho lafiyayye ya fi sabo mai aibi, kuma magabata sun riga sun yanke hukunci cewa sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

Amma haƙƙi na biyu, shi ya fi bukatar haƙuri. Kada ɗayanku ya fara kiɗa bai saita tsirkiyoyinsa ba, domin tagwayen tsirkiya in ba su haɗu a murya ɗaya ba, ko wanda bai san kiɗa ba kunnensa zai ƙi. Kun sani muryar mandolin gajeren rai gare ta, da an kaɗa sai ta ɗauke, saboda haka ne malaman Napoli suka dogara ga karkarwar hannu, ƙasa da sama cikin sauri, har ɗigo-ɗigon amo ya zama zare guda. Wannan kuwa ba ta samuwa da ƙarfin damtse, sai da sakin wuyan hannu, da sassauta riƙon ɗan abin kaɗawa, da farawa sannu a hankali. Rabin sa'a kullum ya fi wuni guda a mako. Kan yatsunku zai yi zafi kafin ya yi kanta, kada wannan ya karya muku zuciya. Kuma in kuna cikin jama'ar makaɗa, ku sani sauraron abokin kiɗa rabin gwaninta ne.

Haƙƙi na uku kuwa, a nan ne ƙasarmu take da hukunci nata na musamman, domin abin da aka ƙera don iskar Turai, ya zo inda hunturu yake busar da leɓe, damina kuma take kumbura ƙofa, lalle yana bukatar mai tsaron da ba ya gafala. Maƙera wannan kaya suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, alhali a tsakiyar hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. A sa'an nan ne katako yake tsukewa, bakin ƙarafan wuya ya fito yana kartar yatsa, wata safiya a buɗe akwati a ga tsaga ta bi fuskar tun daga jakin tsirkiya har gindi. Maganin wannan ɗan soso ne mai laima, a matse shi sarai, a sa cikin ƙaramin gwangwani mai huda, a ajiye cikin akwatin a rufe. Kada ku bar mandolin cikin mota a rana, gama zafi yana narkar da mannin da ya haɗa shi. Ku goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, don gumi tsatsa yake haifarwa. In za ku sake su, ku sake ɗaya bayan ɗaya, domin jakin ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi, in ya gusa ko kaɗan lissafin muryoyi ya rikice. Abin da ya fi ƙarfin iliminku kuwa, ku kai wa gwani, gama tambaya ba ta rage darajar ɗalibi.

'Ya'yana, takardar shaidar da za a miƙa muku yanzu shaida ce ta cewa kun kama hanya, sauran tafiyar kuma tana ga himmarku. Ku tsare sana'arku daga alfasha, kada kiɗa ya shagaltar da ku daga salla, ku girmama malamanku, ku koyar da na bayanku ba tare da rowa ba.  Allah Ya albarkaci hannuwanku, Ya sa abin da kuka koya ya zama sanadin arziki na halal, Ya mai da kowa gidansa lafiya.