Alƙalamin Mata a Ƙagaggun Labaran Hausa



Akwai tambayar da masu nazarin adabin mata suka daɗe suna yi, wato shin akan gane alƙalamin mace daga rubutunta? A harshen mutanen Folan, ƙasar Olga Tokarczuk wadda ta ci kyautar Nobel ta 2018, nahawu kan tona asiri, domin idan mace ta ce ta rubuta abu, kalmar aikatau kan ɗauki siffar mata. Hausa kuwa tana bambanta "ka" da "ki", amma "na rubuta" na kowa ne. Ke nan tilas mu nemi amsa a wani wurin.

A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, littattafai biyar ɗin da aka buga duk na maza ne, kuma Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar labaran tafiya ne. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe tana zaune a nan Gusau. A ciki Boɗaɗo, budurwa Bafulatana, ita ce ta tsaya kan wanda take so.

A ganina, bambancin yana ga inda mai ba da labari ya tsaya. Namiji yakan tsaya a zaure, ita kuwa mace cikin gida take. Ku dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci. Marubuciyar ta bi cefane da kuɗin makaranta da hidimar auren Saudatu dalla-dalla, har mai karatu ya ga abin da saki yake ci a gida. Wannan lissafi ne na wadda ta san nauyin tukunya.

Duk da haka muka tattara irin waɗannan littattafai muka kira su na soyayya, ko adabin kasuwar Kano, har aka ƙona wasu a Kano a 2007. Ban ce duka suna da kyau ba. Da yawa an rubuta su da gaggawa. Amma ɗalibin da zai yi nazari ya fara zuwa Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, ya tambayi matan aure wane littafi suka ara, kuma me suka gani a cikinsa.