Hirar Bayan Kallo



Batun da muka zo da shi yau, wani zai ce bai kai a tara masu ilmi dominsa ba. Watau hirar nan da mukan yi tsakaninmu a ɗakunan kwana, ko a teburin mai shayi, ko a ofis kafin maigida ya iso, game da wasan da aka nuna jiya da dare a talabijin. Mu kuwa muna ganin ta cancanci a zauna a dube ta, domin a cikinta ne mukan faɗi abin da kunya ko tsoro ba sa bari mu faɗa kai tsaye.

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta iso Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, sa'an nan a zamanin mulkin Abubakar Rimi Jihar Kano ta kafa tata, wadda a yau ake kira ARTV. A waɗancan shekaru akwati ɗaya kan ishi unguwa guda. Ba a buɗe tasha sai da yamma, manya su zauna a kujera, yara su cika tabarma, waɗanda ba su sami wuri ba su leƙa ta taga, kowa kuma yana addu'ar kada a ɗauke wuta. Saboda haka abu ɗaya jama'a suka kalla, a sa'a ɗaya, washegari kuwa ba sai an ba wani labari ba, sai dai a shiga sharhi kurum.

To, daga wannan sharhi ne 'yan wasa suka tashi daga cikin akwati suka shiga bakin mutane. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya kawo rayuwar bariki da Hausar bariki har cikin gidajenmu a wasan Samanja, kuma ya yi haka ne a lokacin da mulki yake hannun soja. Ba kowa ba ne zai iya ɗaga ido ya yi wa mai kaki dariya a bakin titi, amma a gaban akwati tsoho da yaro sukan yi ta har da hawaye. Bayan haka, duk masinjan da ya cika tsawa a ofis, ko uban da ya mai da gidansa filin fareti, sunansa ya zama Samanja. Haka marigayi Ƙasimu Yero ya ba mu Karambana, aka sami sunan da za a laƙaba wa mai shiga sharo ba shanu. A Kano kuma wasan Kuliya Manta Sabo ya sa talakan da bai taɓa taka zauren shari'a ba ya zauna yana auna hukuncin alƙali, yana cewa nan an yi daidai, can an yi son kai.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin akwati muna da habaici, muna da karin magana, muna da Gizo wanda ake ɗora wa duk wata ha'inci da ba a so a ambaci mai ita. Ƙanwa ba ta iya duban yayanta ta ce masa yana cutar matarsa, amma tana iya zama a gabansa ta yi ta tsine wa wani miji na cikin wasa, shi kuwa ya ji a jikinsa, ba a ɓata zumunci ba, saƙo kuma ya isa. Ƙaramin akawu ma haka yake yi da shugabansa. Wanda ya tsargu, da shi ake.

Har wa yau wasanni ba su ƙare ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. Tashar Arewa24 ta soma aiki a 2014, shirinta Daɗin Kowa kuma ya taɓo almajirci, da shaye-shaye, da halin waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu, da zaman Musulmi da Kirista a gari ɗaya. Kwana Casa'in, wanda aka fara a 2019, ya ƙirƙiro jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ya nuna yadda ake cinikin ƙuri'a da yadda ake cinye kuɗin asibiti. Labarina da Izzar So kuwa sun tara dubban masu kallo ta YouTube.

Abin da ya sake shi ne yadda muke kallon. Yanzu kowa da wayarsa, ya toshe kunnuwansa, ya kalla lokacin da ya sami kuɗin data. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya, kowa da inda ya tsaya a labarin, in ɗaya ya buɗe baki sai a ce masa ya yi shiru, wani bai kai wurin ba tukuna. Hirar da ta rage kuma sau da yawa ba ta wuce ɗinkin da 'yar wasa ta sa, ko wa zai auri wa a waje. Ba mu ce wannan laifi ba ne, gama mu ma muna yi, kuma raha tana da nata amfani ga wanda ya wuni yana haddar darasi. Sai dai habaici ba ya aiki in wanda ake nufi ba ya wurin, ko kuwa bai ga abin da aka gani ba.

Akwai kuma wani gefen da ya shafe mu musamman, mu da muke shirin riƙe fayil da hatimi. Yana da sauƙi a zauna a teburin shayi a yi wa gwamnan Alfawa kaca-kaca, alhali kuwa takardar fanshon wani tsoho tana kwance a teburinmu wata uku, tana jiran na goro. A da, abokin da ka yi kallo tare da shi zai iya dubanka yana murmushi ya kira ka da sunan wani ɗan wasa, ka gane abin da yake nufi. Yau da wuya ya san abin da ka kalla, balle ya jefe ka da shi.

Ɗakin hutawar ɗalibai ba ya cika maƙil yanzu sai ranar ƙwallon Ingila. Shawarar da muke miƙa wa shugabannin ƙungiya ita ce a ware dare ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, a nuna kashi ɗaya na wasan Hausa, tsoho ko sabo, sa'an nan a kashe akwatin a bar mutane su yi ta musu na rabin sa'a. A gayyato masu gadi da masu shara na ɗakunan kwana su ma su zauna, domin da yawansu sun ga Samanja tun muna goye.