Kada Layya ta cinye muku iri

 Yau zancenmu bisa gadon girma ne wajen tumaki.

Kowane ɗan tunkiya, rabin jininsa na uwa ne, rabi na uba. Amma tunkiya ɗa guda ko biyu take ba ku a shekara, rago kuwa shi kaɗai yana hawan tumaki 25 zuwa 30. Ke nan rago guda rabin garke ne.

To, yaya za a gane ragon kirki? Da yawanku girman ɗa ranar haifuwa kuke dubi. Wannan awo yana ruɗi. Namiji ya fi mace nauyi, tilo ya fi tagwaye, ɗan fari kuma ƙarami yake zuwa. Tunkiya wata 5 take da ciki, kuma mafi yawan girman ɗan cikin makonni 6 na ƙarshe yake yinsa. In lokacin ya faɗo tsakiyar rani, babu harawa babu dussa, ɗa zai fito ƙarami ko ubansa Bali-bali ne ƙato. Wannan aikin yunwa ne. Haka ma girman watannin farko, nonon uwa ne ke ɗauke da shi.

Gado sai bayan yaye yake fitowa fili. Ku gwada ƴan raguna sa'o'in juna, masu kiwo wuri guda, daga wata 6 zuwa shekara. Wanda ya tsere wa sauran, mai faɗin ƙirji da tsawon baya, wanda uwarsa ke da nono, shi ne na iri. Da irin wannan zaɓe ne tashar Tukunus, nan arewa da Filinge, ta gyara shanun Azawak tun 1954.

Ga inda hasara take: Layya ta matso, dillalan Baleyara sun taya da tsada, sai a sayar da babban rago, a bar ragowa suna barbara. Kuɗin ya ƙare cikin wata guda, garke kuwa ya yi ta ƙanƙancewa shekara da shekaru. Ku turke sauran ku sayar, na iri ya tsaya gida.

Abu biyu kuma. Bayan shekara 2 ku yi musanyar rago da wani garke, don kada ya hau ƴaƴansa. Kada kuma ku sa ƙaton Balami bisa ƙaramar tunkiya mai cikin fari, haifuwa na iya yi mata wuya.

Allah ya sa albarka ga dukiya, amin.